Pentax K1000: Kyamarar Koyon Hoto da Suna Ya Ƙara Wa Tsada

Idan aka tambayi tsofaffin masu hoto kyamarar da ta dace da mai koyon ɗauka da fim, da wuya su lissafa uku ba su sa Pentax K1000 ba. Kamfanin Asahi Optical na Japan ne ya fito da ita a 1976, aka ci gaba da ƙera ta har 1997, kuma makarantun koyar da hoto a Amurka da Turai sun daɗe suna sa ɗalibansu su saye ta. Ta cancanci yabon da ake mata. Sai dai duk wadda za ka samu yau ta hannu ce, mafi ƙuruciyarsu ta kusa shekara 30, don haka lafiyar wadda ke hannunka ta fi sunan da ke goshinta muhimmanci.

Abin da ya sa take koyarwa shi ne ba ta yi maka komai. Abu uku ne a hannunka: saurin labulen da ke buɗewa haske ya faɗa kan fim, faɗin ƙofar haske da ke cikin gilashin gaban kyamara (lens), da kuma saitin nisa. Labulen na yadi ne mai roba, yana gudu daga gefe zuwa gefe, saurinsa daga daƙiƙa 1 zuwa 1/1000, sai alamar B da ke barin sa a buɗe muddin yatsanka na kan maɓalli. Duk wannan aikin ƙarfe ne da waya mai naɗi, babu ruwansa da batir. Batirin guda ɗaya ne, ƙarami irin na agogo, LR44 ko SR44, kuma ma'aunin haske kaɗai yake ciyarwa. Ko ya mutu kyamara za ta ci gaba da ɗauka. SR44 ya fi, domin ƙarfinsa ba ya raguwa a hankali kamar na LR44.

Idan ka leƙa taga, wato ɗan ramin da ake sa ido a duba abin da za a ɗauka, allura ɗaya za ka gani a gefen dama, alamar ƙari a sama, ta ragi a ƙasa. Ka juya ƙofar haske ko saurin labule har allurar ta tsaya a tsakiya. Babu lambobi a cikin tagar, ba ta nuna maka saurin da kake kai ko ƙofar da ka zaɓa, sai ka sauke ta daga ido ka duba. Wannan naƙasu ne na gaske, amma bayan fim uku ko huɗu hannu yana haddace adadin ƙarar da zoben ƙofar haske ke yi idan ana juya shi. Ma'aunin kuma ba shi da makunni. Haske na shiga gilashi yana aiki, duhu ne kawai ke kashe shi. Wanda ya ajiye ta babu murfin gilashi zai tarar batir ya ƙare ba tare da ya ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Inda ake yawan asarar fim shi ne yarda da allurar ido rufe. Ma'aunin K1000 yana tattara hasken duk abin da ke cikin taga ne ya raba, ya ɗauka cewa matsakaicinsa toka-toka ne. A ɗauki mutum baƙin fata sanye da farar shadda a tsakiyar rana: farin zai rinjayi ma'auni, allura ta ce haske ya yi yawa, ka rage, fuska ta fito baƙi ƙirin babu ido babu hanci. Haka abin yake idan sararin sama ya ci rabin hoto, ko hazon hunturu ya sa gari ya yi fari fat. Maganin mai sauƙi ne. Ka matsa kusa har fuskar ta cika taga, ka saita allura a nan, ka koma baya ka ɗauka ba tare da ka sake taɓa komai ba. Idan babu halin matsawa, kamar a wurin hawan sallah, ka auna ƙasa ko bango mai matsakaicin launi da irin hasken ke sauka a kansa, ko ka ƙara mataki ɗaya (wato ka ninka hasken, misali daga 1/250 zuwa 1/125) bisa abin da allura ta faɗa. Fim na nagatif yana jure ƙarin haske na mataki ɗaya ko biyu, amma ba ya yafe ƙarancinsa: inuwar da haske bai isa ba fayau take fitowa, babu abin da za a ceto. Kyamarar dijital akasin haka take, farin da ya ƙone ne ba ya dawowa. Wanda ya saba da dijital sai ya juya tunaninsa, ya riƙa kula da inuwa.

Ko ma'aunin ya lalace gaba ɗaya akwai ƙa'idar rana. A tsakiyar rana mai ƙarfi, ka sa ƙofa a f/16 (yadda lambar ke ƙaruwa, haka ƙofar ke ƙanƙancewa), saurin labule kuma lambar da ta fi kusa da ƙarfin fim ɗinka: fim mai 400, sai 1/500, mai 100, sai 1/125. Da ɗan gajimare ko hazo, f/11. Gajimare mai kauri, f/8. Ƙarƙashin bishiya ko inuwar bango, f/5.6 ko f/4. Da wannan ƙa'idar ma ake gwada gaskiyar allura kafin a biya kuɗi. Idan ta kauce da fiye da mataki ɗaya a rana tsaka, ma'aunin ya tsufa.

Gilashin da aka fi samun ta da shi shi ne SMC Pentax-M 50mm f/2. Ƙarami ne, mara nauyi, yana saituwa har kusan santimita 45, bakinsa na ɗaukar tace mai faɗin 49mm. A f/2 gefen hoto yana ɗan laushi, daga f/5.6 zuwa f/8 kuwa kaifinsa ya ishi kowa. Idan aka samu 50mm f/1.7 da ɗan ƙarin kuɗi, ya fi, musamman don tagar tana ƙara haske, saiti ya yi sauƙi a ɗaki. Kada saurin labule ya sauka ƙasa da 1/60 idan a hannu kake riƙe da ita, rawar hannu za ta nuna. Da filashi kuma 1/60 ne iyaka. Wanda ya wuce haka zai ga wani ɓangaren hoton ya fito baƙi, domin labulen biyu ne, ɗaya ya buɗe ɗaya ya rufe, kuma na biyun ya riga ya fara rufewa kafin filashi ya haska.

K1000 ba iri ɗaya ba ce. Na farko a Japan aka yi su, da sunan Asahi da tambarinsa a goshi, sama da ƙasa duk ƙarfe, nauyin jiki kusan gram 620. Daga baya aka koma haɗa ta a Hong Kong, sannan aka koma China wajajen 1990, inda aka cire sunan Asahi, aka mayar da murfin sama da na ƙasa roba. Duk suna ɗaukar hoto iri ɗaya idan lafiyarsu ƙalau, amma bai kamata a biya kuɗin ta Japan a kan ta roba ba.

Kafin saye, ka buɗe bayanta ta hanyar jan mariƙin naɗe fim sama. Ka duba soson da ke cikin tsagin ƙofa da wajen maɗauri. Tsufa na mayar da shi baƙin danƙo, kuma ta nan haske ke satar shiga ya bar jan tabo ko ruwan lemo a gefen hotuna. Gyaransa ba wuya: tsinke, auduga da ɗan sinadarin goge-goge na barasa a kankare tsohon, a manna sabon soso mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5. Akwai wani soson a saman inda madubin da ke cikin kyamara ke bugawa, shi ma a duba, don ɓarɓashinsa na zuba a kan allon saiti. Sannan ka cire gilashi, ka ɗaga kyamara wajen haske, ka danna a kowane sauri. A daƙiƙa 1 ka saurara: ƙarar ta tafi sumul, kada ta tsaya a hanya. A 1/1000 ka tabbata kana ganin hasken ya cika dukan firam ɗin, domin idan man ciki ya bushe labule na biyu yakan cim ma na farko, gefe ɗaya ya yi duhu. Ka haska tocila ta bayan labulen ka nemi ƙananan huji. Rana ce ke yin su, idan aka bar gilashi a buɗe yana kallonta madubi kuma ya maƙale a sama. Ka buɗe gidan batir ka ga ko akwai koren tsatsa. Gwajin batir kuwa, ka sa ƙarfin fim a 100, sauri a B, allura ta haura sama ta tsaya cak. Baƙin layi ko tabo a tsakiyar taga alama ce ta cewa azurfar gilashin leƙe ta fara ci. Ba ya shiga hoto, amma ba ya warkewa, sai dai a sauya.

Gilashin ma a haska shi da tocila ta baya. Ƙura kaɗan ba komai. Zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, danshin damina ke kawo ta, kuma idan ta daɗe tana cinye rufin gilashi. A juya ƙofa zuwa f/16, a taɓa ɗan hannun da ke bayan gilashin, ganyen ƙofar su buɗe su rufe nan take. Idan suna jan jiki, mai ya malalo kansu, hotuna za su riƙa fitowa da haske fiye da kima.

Wajen sa fim, kuskure ɗaya ne ya fi cin mutane: harshen fim bai kama ba, mutum ya yi ta ɗauka har 36 a kan iska. Bayan rufe ƙofa, ka ɗan juya mariƙin naɗewa har ka ji ya yi tauri, sannan ka ja hannun gaba. Idan mariƙin na juyawa da kansa, fim na tafiya. Idan fim ya ƙare kada a tilasta hannun, a danna ɗan maɓallin da ke ƙasa kafin a fara naɗewa, in ba haka ba haƙoran za su yaga shi.

Ga mai koyo, baƙi da fari ya fi, saboda ana iya wanke shi a gida, wuraren wankin fim kuwa sun yi ƙaranci. Ilford HP5 Plus mai ƙarfin 400 yana da haƙuri sosai. Tankin wankin fim na Paterson na buƙatar mililita 290 ga fim ɗaya. Da sinadarin wankin fim na Rodinal, kashi 1 cikin ruwa kashi 50, wato kusan mililita 6 a ruwa 300, minti 11 ne a zafin digiri 20, ana juya tanki na daƙiƙa 10 a kowane minti. A zubar, a ɗauraye, a zuba fiksa (sinadarin da ke tabbatar da hoton a kan fim) kashi 1 cikin ruwa 4 na minti 5, a wanke sosai, a rataye. A ƙasar Hausa zafi ne babbar matsala. Ruwan famfo a watan Afrilu yakan wuce digiri 30, a wannan zafin kuma sinadari na aiki da gaggawa, hoto ya yi kauri, ƙwayoyinsa su yi girma. A sauke zafin da ƙanƙara, a tsoma tankin cikin roba mai ruwan sanyi tsakanin juyi da juyi, kuma dukan ruwan da za a yi amfani da su kada su bambanta da juna da fiye da digiri 2 ko 3, don sauyin zafi kwatsam yana sa fuskar fim ta yamutse. Da hunturu a shanya shi a banɗaki a rufe, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa, ƙura ta kwanta. Fim ɗin da ba a ɗauka ba a firiji ake ajiye shi, a fito da shi awa ɗaya ko biyu kafin a buɗe gwangwaninsa.

Kuɗin gilashin ba ya tafiya a banza ko an koma dijital. Bakin K, wato mahaɗin da ake ɗaura gilashi a jikin kyamara, da Pentax ta fito da shi a 1975 har yanzu shi ne a kan kyamarorinta irin su K-1 Mark II da K-3 Mark III. Kyamarori marasa madubi kuma, irin su Sony A7 ta 2013 da na Canon da Nikon na 2018, suna karɓar sa da adafta mara gilashi a ciki, domin nisan bakin K zuwa fim milimita 45.46 ne, na Sony E kuwa 18 kacal, adaftar cike giɓin kawai take yi. Saiti da hannu za a yi. A kan ƙaramar sansa (abin da ke karɓar haske a madadin fim a kyamarar dijital) irin ta Fujifilm, 50mm yana kama abin da 75mm ke kamawa a kan fim, daidai hoton fuska.

Abin da ba ta da shi: babu agogon ɗaukar kai, babu maɓallin duba zurfin saiti (yawan abin da zai fito da kaifi daga gaba zuwa baya), ma'auninta kuma yana rikicewa a duhu. Ga shi suna ya sa ana sayar da ita fiye da 'yan uwanta da suka fi ta kaya. Pentax KM tana da agogon da maɓallin duka. KX da MX suna nuna sauri da ƙofa a cikin taga, MX kuma ta fi ƙanƙanta. Ricoh KR-5 ma bakin K gare ta, ba ta da farin jini, don haka tana da araha. Wanda ke son sabuwa fil akwai Pentax 17 ta 2024, mai raba firam biyu ta ba da hoto 72 a fim mai 36, sai dai ita ke zaɓa maka haske, saboda haka ba za ta koya maka abin da K1000 ke koyarwa ba.

Idan farashin K1000 da na KM ko MX ya zo ɗaya, a ɗauki KM ko MX. Idan K1000 ce ta samu da sauƙi kuma ta ci gwajin da ke sama, a saya, amma a nemi sharaɗin mayarwa har a wanke fim na farko. A wannan fim ɗin a ɗauki bango ɗaya mai haske iri ɗaya sau biyar: 1/1000 a f/4, 1/500 a f/5.6, 1/250 a f/8, 1/125 a f/11, 1/60 a f/16. Dukansu haske ɗaya ne, don haka ya kamata firam biyar ɗin su fito da kauri ɗaya a nagatif. Wanda ya bambanta, saurinsa ne ke buƙatar mai gyara.