Na'urar zuba abinci ko amanar ɗan gida: wanne ya fi ga mai kifin ado da ba ya zama?

Ɗan'uwa, ka ce harkar kasuwa tana fitar da kai kwana huɗu, wani lokaci har mako biyu, ga shi kana son ajiye kifin ado a akwatin gilas a falo. Ka tambaya: ka sayi na'urar da ke zuba abinci da kanta, ko ka bar wa ƙanenka ciyarwar?

Da farko ka cire tsoron yunwa daga ranka. Babban kifi mai lafiya yana yin mako guda bai sa komai a ciki ba, kuma ba abin da zai same shi, don jikinsa ba ya ƙona abinci wajen ɗumama kansa. Abin da ke kashe kifi idan mai shi ba ya nan shi ne lalacewar ruwa. Abincin da ya rage yakan nutse ya ruɓe, ya haɗu da kashinsu ya zama ammoniya, ita kuma guba ce. Da wannan ma'auni za a auna su biyun.

Ƙanenka yana da abin da na'ura ba ta da shi: ido. Zai ga matatar ruwa ta tsaya, zai ga kifi ɗaya ya mutu ya tsame shi kafin ya gurɓata sauran, zai lura ruwa ya ja baya. Matsalarsa tausayi. Kifi da zarar ya ga inuwar mutum sai ya taso sama yana buɗe baki, ko da yanzu ya gama ci. Wanda bai saba ba zai ce yunwa ce, ya ƙara ɗan yayyafi, da yamma ya sake. Idan akwai yara a gidan kuwa, kowa zai so ya zuba nasa. Kafin ka dawo ruwa ya yi fari-fari yana wari. In dole shi zai ciyar, ka auna abincin da hannunka ka ƙulla a 'yan takardu, ƙulli ɗaya duk bayan kwana biyu, sannan ka kulle gwangwanin a ɗakinka.

Ita na'urar ba ta san tausayi ba, kuma nan ne ƙarfinta. Ɗan ganga ne da ke juyawa a lokacin da ka saita, ya zubar da ƙima ɗaya. Yawancinsu, har da na kamfanin Eheim na Jamus, da batir biyu suke aiki, don haka ɗauke wuta bai dame su ba. Amma da damina laima tana sa abinci mai falle-falle ya dunƙule ya toshe ƙofar. Mai ƙwaya-ƙwaya ya fi dacewa. Idan ka buɗe ƙofar da yawa, sai ta antaya abincin kwana uku a tashi ɗaya. Babban aibinta, wanda ya fi damuna, shi ne ba ta san an ɗauke wuta ba. Matatar ruwa ta tsaya kwana biyu, bakteriyar da ke cinye ammoniya a cikinta suna mutuwa don rashin iska, na'urar kuwa tana ta zuba abinci a ruwan da ba ya motsi.

Akwai kuma wani farin dunƙulen abincin kifi da ake jefawa cikin ruwan ya narke a hankali. Ban ba ka shawararsa ba. Yakan ɓata ruwa, kifi da dama ma ba sa kula shi.

Ga inda na tsaya. Tafiyar da ba ta wuce mako ba, kada ka yi ko ɗaya. Ka ciyar da su kamar kullum ranar tashi, ban da ƙari. Wadda ta wuce haka, ka sa na'ura a rabin abin da ka saba ba su, ka gwada ta mako guda kana gida, ƙanenka kuma aikinsa dubawa kawai, ya turo maka hoto ta WhatsApp.

Kuɗin da ya fi cancanta ka kashe, na famfon iska ne, wato na'urar da ke hura iska cikin ruwan, mai cajin batir wanda ke ci gaba da aiki idan wuta ta tafi, ko ka haɗa matatar da sola in kana da ita. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato yakan haura digiri 40, ruwa mai ɗumi kuwa iskarsa kaɗan ce. Za ka ga kifaye sun taru a sama suna haki.

Irin kifin ma yana da nasa rabon. Gwalfish, jan nan mai ruwan zinariya, ga ci ga yawan kashi, kuma ya fi son ruwa mai digiri 18 zuwa 23. Bai dace da matafiyi a ƙasar zafi ba. Beta, ɗan asalin Tailan, yana shaƙar iska daga saman ruwa kamar tarwaɗa, shi ya sa yake jure tsayawar famfo. Namiji ɗaya tak ake sawa, a lita 20 ko fiye, sai dai sanyin hunturu yana wahalar da shi idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 24. Gupi yana da juriya, amma haihuwa yake yi ba ƙaƙƙautawa, 'ya'yan kuma ba sa jure yunwa irin ta manya.

Kwana biyu kafin ka tashi, ka canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. In na famfo ne, ka sa maganin cire kulorin. Soson matatar ka ɗauraye shi a ruwan da ka ɗebo daga akwatin, kada ka kai shi famfo. Ka rufe akwatin saboda tsalle da ƙafewar ruwa, ka nisanta shi da taga. Sabon akwati yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin bakteriyarsa su kafu, saboda haka ka fara shi a lokacin da ka san za ka daɗe a gida, da kifi kaɗan.