Kabarin Sarki Alu ne ya fanshi tafiyata Lakwaja

Wani yaro mai shirya yawon buɗe ido a nan Abuja ne ya haɗa mu, mu 14 a bas ɗaya, ranar Asabar. Abin da ya sa na biya shi ne alkawarin shiga jirgin ruwa har inda Kogin Kwara ya haɗu da Binuwai. Mun bar Gwagwalada a makare, cunkoson tireloli bayan Abaji ya cinye mana safiya. Muna isa bakin ruwa ya ce wai mai jirgi ya gaji da jira ya tafi. Mahaɗar sai daga kan Dutsen Patti muka hango ta.

Raina a ɓace muka shiga makarantar Holy Trinity, wadda Bishop Ajayi Crowther ya kafa a 1865. Abokan tafiyarmu Kiristoci suka daɗe suna hotuna, ni ina gefe ina lissafin kuɗina.

Bayan azahar na tambayi yaron inda aka binne sarakunan da Turawa suka kawo garin. Ashe bai taɓa zuwa ba! Wani dattijo da muka yi salla tare ya ji mu, ya ce, "Ɗana, daga ina?" Na ce, "Baba, Bakano ne, aiki ya kai ni Abuja." Ya yi murmushi ya ce, "To taho ka gaida sarkinku."

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Alu Maisango da kakata ke ba mu labari, wanda Turawa suka kama a 1903 bayan sun ci Kano, ga shi kwance a ƙasar da ba tasa ba tun 1926. Baba ya ce Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ma a garin ya cika. Muka yi musu addu'a. Wata baiwar Allah 'yar Filato da ta biyo mu ta tsaya shiru har muka shafa. Na miƙa wa Baba ɗan na goro, sai da na yi da gaske ya karɓa.

A hanyar dawowa har na ce na yafe wa yaron. Amma fa da na tuna kuɗin jirgin yana cikin abin da na biya, kuma mako uku ke nan ba ya ɗaga wayata, yafiyar ta koma. Lakwaja zan sake zuwa, da motata, in nemi Baba.