Wata takwas da muka miƙa wa kamfani hidimar unguwarmu

Ni ne ma'ajin ƙungiyar masu gidaje a wani ɗan rukunin gidaje da ke kan hanyar Dutsinma, nan cikin Katsina. Gida 46 ne duka, get ɗaya, burtsatse ɗaya, tiransifoma ɗaya. Shekara uku ina riƙe da littafin kuɗin wata kuma wallahi ban taɓa aikin da ya zubar mini da girma kamar shi ba. Ka je ƙofar mutumin da ya isa ya haife ka, ka yi sallama, yaro ya leƙo ya ce wai Baba ya ce ba ya nan, alhali ga motarsa nan kana kallo, takalminsa ma na bakin ƙofa, gobe da asuba kuma sahu ɗaya za ku tsaya kafaɗa da kafaɗa. Shi ya sa ranar da kwamiti ya ce a nemo kamfani a ba su kwantiragin komai, ni na fara ɗaga hannu.

Abin da muka yi da su: su karɓi kuɗin wata, su kawo masu gadi huɗu, su kwashe shara sau biyu a sati, su riƙa duba burtsatse. Kafin mu sa hannu sakatarenmu ya dage sai ya ga lasisinsu, don kamfanin gadi mai zaman kansa sibil difens ke ba shi izini, kuma dokar 1986 ta hana su riƙe bindiga. Kulki ne da tocila da usur, shikenan. Wani dattijo a wurin taron ya ce to mi amfaninsu kenan, aka yi dariya aka wuce. Su kuma suka ce ba za su zuba ko sisi a asusun mutum ɗaya ba, sai mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, mun buɗe akawun da sunan ƙungiya, mutum biyu na sa hannu. Nan kam na jinjina musu. Da a akawun ɗina kuɗin ke zama, lokacin wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 har cewa aka yi na juya su na sayi gero, maganar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wajen karɓar kuɗi ba su da na biyu gaskiya. Wani saurayi suka turo mana, siriri haka, da POS a hannu da littafin rasit a aljihu. Ba ɗan unguwa ba ne, ba ya neman auren 'yar kowa, ba wanda ya yi masa suna ko biki, don haka ba ruwansa da kunya. Na taɓa tsayawa nesa ina kallonsa a ƙofar wani Alhaji da ya fi shekara yana yi mini gobe jibi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ranka ya daɗe an wuni lafiya, ya iyali, sannan ya ce Alhaji wata uku ne, in cire duka ko a fara da biyu? Alhaji ya yi tsaki ya miƙo kati. Ni dai baki na saki. Ƙarshen kowane wata kuma sai su sako lissafi a guruf ɗinmu na WhatsApp, abin da ya shigo, abin da ya fita, hoton kowane rasit, waɗanda ba su biya ba a sa lambar gida ban da suna, kodayake mu nan wa bai san gida mai lamba 17 ba.

Gadin kau sai a hankali. Cikin wata takwas na ƙirga fuska goma sha ɗaya a get ɗin nan, kafin ka riƙe sunan wannan ya tafi an kawo wani. Ba su san kowa ba, ranar nan surukata ta zo daga Daura suka tsare ta a rana wai sai an kira mai gida a waya, tsohuwa da ƙullin kayanta, har yau ban gama ba da haƙuri ba. Wani dare wajen ƙarfe biyu na dawo daga asibiti na tarar da get a sakaye, yaron ya miƙe kan benci yana ta minshari, tocila a ƙirji. Na tashe shi da niyyar faɗa sai jikina ya yi sanyi, ashe da rana lebura yake yi a wani gini wajen Ƙofar Ƙaura don albashin ba ya kai shi tsakiyar wata. Tun Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi naira 70,000, abin da ya faɗa mini ana ba shi ko rabi bai kai ba, shi ma sai wata ya raba. Mu kuma kuɗin gadi cif muke biya. Na kira manajan na ce Malam wannan ba daidai ba ne, ya ce in sha Allahu za a duba, yau wata uku ana dubawa.

Burtsatse ma sun ba mu kunya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 muka haƙura da janareta muka haɗa kuɗi aka sa sola, to cikin zafin Afrilu sumo, wato injin jan ruwan, ta ƙone, kwana tara ana jiran wai sai oga ya amince, 'yan garuwa suka ci kasuwarsu. Da mu ne da kanmu kwana biyu ya yi yawa. Shara dai suna kwashewa kan lokaci, amma da ruwan Agusta ya toshe kwalbati suka ce yashe magudana ba ya cikin takarda, muka duba, wallahi ba ya ciki, laifinmu ne da ba mu karanta ba.

A taron da muka yi bayan la'asar ranar Asabar mun sabunta musu karɓar kuɗi da shara kawai. Burtsatse ya koma hannun kwamiti, gadi kuma mun aika a nemo mana Baba, tsohon mai gadinmu da ya san kowane yaro da gidansu, ya ce sai ya gama girbin wake zai zo.