Gargaɗi kan gas ɗin "sauran tanka": arahar da injekta ke biyan cikonta

Jama'a masu motocin gas, wato dizal, musamman masu Hilux, Hiace, Land Cruiser da ƙananan motocin ɗaukar kaya, a yi hattara da wani talla da ya yi yawa a WhatsApp da Facebook, da kuma bakin manyan tituna inda tankoki ke yada zango. Kalaman kusan iri ɗaya ne ko'ina: "gas daga depo kai tsaye", "sauran tanka ne, direba ke neman kuɗin hanya", "na kamfani ne da aka rage". Farashin kuma ƙasa yake da na gidan mai sosai, wani lokaci ma ƙasa da yadda dillali ke sarowa a depo.

A nan ya kamata mutum ya tsaya ya yi lissafi. Man gas, wanda wasu ke kira dizal, 'yan Nijar kuma gazuwal, ba shi da tallafin gwamnati a Najeriya tun kafin a cire na fetur a watan Mayun 2023. Duk mai sayar da shi ta halal ya biya kuɗin depo, ko daga matatar Dangote da ta fara fitar da gas a 2024 ko daga masu shigo da shi ta ruwa, sannan ya biya dako daga kudu zuwa arewa, ya ɗora 'yar ribarsa. Ribar lita ɗaya ba ta da yawa. To wanda ya karya farashi har ƙasa da na sari, daga ina ya samo bambancin? Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai man na sata ne, ko an yi masa algus, ko awon bai cika ba. Sau da yawa duk ukun ne a jarka ɗaya.

Abin da ake zubawa a ciki yana bin kasuwa. A 2022, lokacin da litar gas ta haura naira 700 alhali fetur bai kai 200 ba, fetur ne abin haɗi mafi riba. Idan kalanzir na bayan fage ya yi sauƙi, shi ake tsinka gas ɗin da shi. Akwai kuma baƙin man juye da ake tarawa a garejoji, a tace shi, a wanke launinsa da asid da farar ƙasa, sannan a gauraya shi da kalanzir har kaurinsa ya yi kama da na gas. Sai wanda ake dafawa a dazukan Neja Delta daga ɗanyen man da aka fasa bututu aka sata. Shi wannan a tukwanen ƙarfe ake dafa shi ba tare da ma'aunin zafi na ƙwarai ba, don haka babu mai iya raba inda kalanzir ya ƙare da inda gas ya fara, ga laka ga ruwa. Idan an kawo shi arewa akan cakuɗa shi da mai kyau don launi da wari su daidaita.

Dabarar da ta fi cin mutane ita ce ta samfur. Za a miƙo maka robar ruwa ɗauke da gas garau, ka ɗaga a rana ka ga babu ko ɗigon datti. Ba ƙarya aka yi maka ba a kan wannan robar, daga saman duro aka ɗebo ta. Ruwa ya fi gas nauyi, laka ma haka, duk ƙasa suke kwanciya. Duro mai lita 200 zai iya ɗaukar lita 10 na ruwa a gindinsa samansa kuma ya fito tas. Saboda haka samfurin da mai kaya ya ɗebo da hannunsa ba shaida ba ne. Kai za ka zura siririn tiyo har ya taɓa gindin duron, ka toshe bakin sama da yatsa, ka zaro, ka saki abin da ya kamo a cikin farar kwalba. Idan tanka ce ta kawo maka, daga bawul ɗin ƙasa na kowane ɗaki na tankar za a tsiyayo, ba daga murfin sama ba. Mai kayan da ya fara hanzari yana cewa sauri yake yi da zarar ka ɗauko tiyo, ya riga ya ba ka amsa.

Kwalbar nan a ajiye ta a inuwa minti 20 zuwa 30. Gas mai kyau ana hango yatsa ta bayan kwalbar. Launinsa kan bambanta, daga fari-fari zuwa ruwan zuma, wani ma da ɗan kore-kore, don haka launi kaɗai ba hujja ba ne, kuma masu algus sun fi kowa sanin haka. Abin dubawa shi ne hazo. Idan ya yi dishi-dishi kamar an ɗiga madara, akwai ruwa a gauraye. Idan layi ya fito a ƙasa, ruwan ya kwanta ke nan. Baƙin gari a gindi kuwa laka ce ko tsatsar tanki. Sannan a ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda. Gas na gaskiya yana barin tabon maiƙo mai launi ɗaya wanda ba ya saurin bushewa. Mai fetur ko kalanzir da yawa zai bazu da faɗi ya bushe da wuri. Mai baƙin mai zai bar duhu a tsakiya, gefe kuma ya yi haske.

Wanda ke sayen gas da yawa, mai motocin haya ko mai janareta babba, bai kamata ya rasa kayan awo biyu ba, kuma dukansu ba su kai kuɗin injekta guda ba, wato ƙarfen da ke fesa mai cikin inji. Na farko ma'aunin nauyin mai, wato haidiromita, ɗan gilashin nan da ake sakawa ya yi iyo a cikin man. Litar gas tana auna tsakanin kilo 0.82 da 0.86, kalanzir wajen 0.80, fetur kuma 0.72 zuwa 0.77. Idan ya nuna ƙasa da 0.81 an tsinka shi. A tuna cewa zafi yana rage adadin kaɗan, don haka kada a auna man da ya wuni a rana. Sai dai ma'aunin yana da iyaka: wanda ya haɗa baƙin mai mai nauyi da kalanzir marar nauyi zai iya daidaita su har su faɗa daidai adadin gas. Shi ya sa ba a raba shi da gwajin takarda. Na biyu shi ne man shafawa na gano ruwa, wanda ake shafa wa bakin sandar awo a zura har ƙasan tanki. Inda ya taɓa ruwa sai ya sauya launi, irin wanda aka fi samu yakan koma ja, ka ga tsawon ruwan da idonka.

Gwajin ashana da wasu ke yi, a zuba a murfi a kusanto da wuta, a bar shi. Gaskiya ne gas mai kyau ba ya kama wuta sai zafinsa ya haura digiri 55, amma ai abin da ake zargi shi ne akwai fetur a ciki, kuma a gefen jarkoki ake tsaye.

Me ya sa muke matsa wa wannan magana haka? Saboda injin gas na yanzu ba irin na da ba ne. Tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ ko tsofaffin Marsandi masu famfon ƙarfe zalla suna iya haɗiye mai marar kyau su yi hayaƙi su wuce, shi ya sa tsofaffin direbobi ke cewa ai mun sha irinsa ba abin da ya faru. Hilux mai D-4D, wato injin 1KD da 2KD da na bayansu 1GD da 2GD, wani abu ne daban. Babban famfonsu yana matsa mai da ƙarfin da ya kai 1,600 zuwa sama da 2,000 a ma'aunin matsi da ake kira bar, ramukan bakin injekta kuma da ƙyar ido ke ganinsu. Filtar man tana tare ƙwayar da ba ta wuce maikiron 2 zuwa 5 ba, alhali kaurin gashin kai ya kai wajen 70. Abu mafi muhimmanci, famfon da injektocin ba su da wani man shafawa sai gas ɗin kansa. Santsin da kake ji idan ka murza gas tsakanin yatsu biyu, shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe a ciki.

Kalanzir da fetur ba su da wannan santsin. Idan suka yi yawa famfo zai fara goge kansa, yana sakin garin ƙarfe mai ƙyalli. Garin nan ya bi bututu ya shiga injektoci huɗu, ragowar ya bi layin dawowa ya koma tanki, daga can ya sake zagayowa. Shi ya sa makaniken da ya canza injekta kawai bai sauke tanki ya wanke ba, bai canza famfo da bututun ba, zai sake ganin motar bayan 'yan makonni da ciwo iri ɗaya. Ruwa kuma tsatsa yake sa wa allurar injekta ta maƙale, wani lokacin ya fasa bakinta. Injektar da ta maƙale a buɗe tana tsiyayar da mai a kan fistin har ya narke ko ya huje, daga nan magana ta tashi daga gyaran mai ta koma sauke inji. Baƙin mai shi kuma toshe filta yake yi, ya tara gawayi a bakin injekta, a motocin da ke da matatar hayaƙi a salansa ya cika ta da toka wadda ba ta ƙonewa.

Alamun ba sa ɓuya ga mai lura. Mota ta yi wuyar tashi da safe, tana karkarwa a silo, inji na ƙwanƙwasa da ƙara fiye da yadda aka saba, farin hayaƙi mai yaji a ido ko baƙi ƙirin idan an taka totur, ga rashin ƙarfi a hawa. Idan fitilar ruwa ta filta ta kama a dashbod jim kaɗan bayan shan mai, a tsaya. A ƙasan filtar akwai ɗan makunni na roba: a sa kwalba, a sassauta shi, a danna famfon hannu da ke saman filtar har ruwan ya ƙare gas zalla ya fara fita, a ɗaure. Idan fitilar ta dawo bayan 'yar tafiya, ruwan da ke tanki ya fi ƙarfin filta, sai an sauke tanki. Wanda kuma ya gane an zuba masa gurɓatacce tun kafin ya tada mota, kada ma ya murɗa makulli, domin a wasu motocin murɗawar kaɗai tana sa famfon tanki ya tura man gaba. A ja ta zuwa gareji, a zuƙe tanki, a canza filta. Asarar lita 80 ce, cikin tankin Hilux guda, ta fi gyaran inji sauƙi nesa ba kusa ba.

Gidan mai ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai masu lasisi da ke karɓar irin wannan kaya da dare su juye a rijiyarsu, akwai kuma waɗanda ba su yi algus ba amma tankinsu na ƙasa ya tsufa yana shan ruwan sama, abin da ya fi tsanani daga Yuli zuwa Satumba. Gidan da ya fi aminci shi ne wanda gas ke tafiya a cikinsa kullum, inda za ka ga motocin kamfanonin sufuri da na asibitoci da bankuna suna sha a kai a kai, domin su suna da makanikai masu lura, kuma mai ba ya daɗewa a ƙasa balle ya tara ruwa da kumfar datti. Gidan da famfon gas ɗinsa ya yi ƙura, sai an nemo makulli kafin a buɗe, a wuce shi ko da ya fi araha. Idan ka tarar da tanka tana juye, ka ba shi 'yan sa'o'i ko ka dawo washegari, saboda juyen yana tayar da lakar ƙasa. Ka riƙe gida ɗaya ko biyu, ka riƙa karɓar rasit mai kwanan wata da adadin lita. Ranar da matsala ta taso ka san ƙofar da za ka buga.

Sai batun awo. Ka sauko daga mota ka ga mita ta koma sifili kafin a fara. Lokaci-lokaci ka sa a zuba maka lita 20 a jarkar da ka riga ka yi wa alama da awon da ka yarda da shi, ka jira kumfa ta kwanta, domin gas yana kumfa sosai kuma 'yan bumburutu da ita suke cika wuyan jarka. Jarkar da aka matse cikinta da zafi ko aka lotsa gindinta tana cin lita ɗaya zuwa biyu ba ka sani ba. Mai sikeli ya fi kowa hutawa: lita 20 na gas kilo 16 da rabi ne zuwa 17, ban da nauyin jarkar.

Masu talla ta waya da ke cewa a tura rabin kuɗi kafin mota ta taso, su nasu ya fi sauƙin bayani: galibi babu man ma gaba ɗaya. Hoton tanka da takardar depo da suke turowa kowa na iya samunsu. Ba a biyan gas sai ya iso, an ga hatimin tanka bai taɓu ba, lambar motar ta yi daidai da ta takardar dako, an ɗebi samfur daga ƙasa an gwada.

Idan an riga an cuce ka a gidan mai mai lasisi, ka ɗebi man a kwalba biyu masu tsabta a gaban shaida, ka rufe, ka rubuta rana da wuri, ka haɗa da rasit da tsohuwar filtar da aka cire. Hukumar NMDPRA, wadda ta gaji tsohuwar hukumar kula da albarkatun man fetur ta DPR bayan dokar man fetur ta 2021, ita ke ba gidajen mai lasisi kuma tana rufe waɗanda aka kama da algus ko tauye mudu, tana da ofisoshi a jihohi. Hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ma tana karɓar ƙorafi. Wanda ya saya a bakin titi kuwa ba shi da rasit, mai jarkar ya sauya wuri, kuma idan jami'an Sibil Difens suka tare shi da durorin gas ɗin da aka dafa a daji a bayan motarsa, shi za a tambaya takarda, motar kuma a ofishinsu za ta kwana.