Sabulu ko maganin goge hannu: wanne ya dace da ƙofar aji a Tawa?

A watan Oktoba yara ke komawa lakwal, kuma iyaye da malamai na tambayar abin da za a ajiye a ƙofar aji: bokiti mai famfo da sabulu, ko kwalbar maganin goge hannu.

Maganin yana da sauri, ba ya neman ruwa, kuma wanda ya san wahalar ruwa a Adar ba zai raina wannan ba. Sai dai yana aiki ne idan sinadarin alkol da ke cikinsa ya kai kashi 60 cikin 100, kuma ƙarfinsa na raguwa a hannu mai datti. To, dubi hannun yaro bayan hutun ƙarfe goma: alli, ƙurar fili, man ƙosai, ga majina da ya share da bayan hannu. Shafa magani a kan wannan ɓarnar kuɗi ce.

Sabulu kuwa yana ɓamɓare dattin tare da ƙwayoyin cuta, ruwa ya tafi da su, muddin aka cuɗa na daƙiƙa 20. Shi ya fi dacewa bayan fitowa daga ban-ɗaki, inda gudawa ke bi ta shiga aji. Sharaɗinsa ɗaya: ruwan ya zama mai zuba. Roba guda da dukan aji ke tsoma hannu yaɗa cutar take yi. Kuma dole a samu mai cika bokitin kowace safiya.

Ni dai sabulu na zaɓa. Amma ƙyanda ta iska take bi, wanke hannu ba ya tare ta, don haka a duba katin rigakafin yaro a tabbata ya samu allura biyu.