Taurus G3c, Ruger Max-9 ko Shield Plus: amsa ga ɗan'uwanmu na Houston

Malam, tambayarka ita ce: kana zaune a Houston, kana da katin zama na dindindin, aikin dare kake yi, ka ware wajen dala 500, kana son ƙaramar bindiga mai harsashi 9mm da za ka riƙa ɗaurawa a ƙugu, kuma hankalinka ya rabu tsakanin Taurus G3c da Ruger Max-9 da Smith & Wesson Shield Plus. Kafin in shiga, 'yan'uwa da ke karantawa daga gida su sani wannan zance na Amurka ne. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun bindigogi, ba irin wadda mutum ke zuwa ofishin 'yan sanda ya nemi lasisinta kamar bindigar farauta ba ce.

Dala 500 ɗin nan ba kuɗin bindiga kaɗai ba ne, kuma a kan wannan duk amsata ta rataya. A ciki za ka sayi kube mai tauri wanda ke rufe kunama ruf, da ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli na ajiya a gida, da harsasan gwaji, ka kuma biya kuɗin ajin horo. Idan ka fitar da waɗannan, abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin bindigarka. Da wannan idon za mu dubi ukun.

Taurus G3c ita ce mai sauƙin kuɗi, galibi tsakanin dala 250 zuwa 300. Kamfanin na Brazil ne, reshensa na Amurka yana Bainbridge a jihar Jojiya, kuma a 2020 suka fitar da wannan samfurin. Tana cin harsashi 12, tsawon bututunta inci 3.2, nauyinta ba harsashi ya kai giram 620. A kwali za ka tarar da gidan harsashi uku, abin da sauran biyun ba sa ba ka. Tana da makullin kariya da ake sauke shi da babban yatsa, kuma idan harsashi ya ƙi tashi kana iya sake danna kunama a kansa ba sai ka ja saman bindigar baya ba. Ita ce ta fi kauri a cikinsu, inci 1.2, ita ce kuma ta fi nauyi. A filin koyon harbi wannan alheri ne, domin mariƙinta na cika hannu kuma nauyin na shanye bugun baya, sabon hannu yakan fi jin daɗinta. A ƙugu kuwa, cikin zafin Houston da riga mara nauyi, za ka san kana ɗauke da ita tun safe har dare.

Abin da ke sa mutane ɗari-ɗari da Taurus tarihi ne, kuma ba ƙage ba ne. An kai kamfanin ƙara ta haɗin gwiwa a Amurka bisa zargin cewa wasu tsofaffin samfuransa, ciki har da jerin Millennium, na iya tashi idan sun faɗi ƙasa. An sasanta a tsakanin 2015 da 2016, kuma sasancin ya shafi bindigogi kusan miliyan ɗaya. G3c ba ta cikinsu, daga baya aka ƙera ta, kuma mutane da yawa suna amfani da ita lafiya lau. Duk da haka ni ba zan ɗaura ta ba sai na harba ɗaruruwan harsasai da ita na ga ba ta cijewa. Wannan sharaɗi ya hau kan kowace bindiga, amma a kan Taurus na fi tsananta shi.

Ruger Max-9 ta fito a 2021. Ita ce siririyarsu, faɗinta bai cika inci ɗaya ba, nauyinta wajen giram 520, tana zuwa da gidan harsashi mai cin 10 da mai cin 12. An yanka samanta tun daga masana'anta yadda za a iya ɗora ƙaramin madubin saiti mai jan ɗigo, kuma saitinta na gaba yana haske a duhu, abin da mai aikin dare zai so. Farashinta yana tsakiyar sauran biyun. Rashin nauyin nan shi ne kyanta, shi ne kuma matsalarta: tana ɓacewa a ƙarƙashin riga, amma tana tsalle a hannu fiye da Taurus, kuma mai manyan yatsu zai ji ƙaramin yatsansa na lilo idan ya sa gajeren gidan harsashin. Bindigar da ke sa tafin hannu zafi bayan harsashi hamsin, mai ita yakan daina zuwa atisaye da ita, kuma wannan shi ne abin da nake ji maka tsoro.

Shield Plus ita ma 2021 ta fito, amma tana da asali. Shield ta farko ta shigo kasuwa a 2012 da harsashi 7 ko 8, ta yi shekaru tana cikin waɗanda aka fi saya don ɗaurawa a jiki. Da kamfanin SIG Sauer ya fito da bindigarsa P365 a 2018, ya cusa harsashi 10 cikin jiki mai faɗin inci ɗaya, sai duk kamfanoni suka bi sahu, Max-9 da Shield Plus duk 'ya'yan wannan gasar ne. Shield Plus tana cin 10 ko 13, bututunta inci 3.1, faɗi inci 1.1, nauyi wajen giram 570, ke nan tsakanin Taurus da Ruger take a faɗi da nauyi. Kunamarta mai shimfiɗaɗɗiyar fuska ce, tana tashi a wuri guda ba tare da ja mai tsawo ba, kuma a ganina ta fi ta sauran biyun nesa ba kusa ba. Ana sayar da ita da makullin babban yatsa ko babu, kai za ka zaɓa. Wani abin da ba a cika lura da shi ba sai bayan an saya: kusan duk mai ƙera kube yana yin nata, kuma kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Farashinta ya fi na sauran, sau da yawa ya haura dala 400.

To ga hukuncina. Idan za ka iya ƙara haƙuri na wata ɗaya ko biyu ka tara abin da zai ishe ka Shield Plus tare da kube da akwati da aji, ita nake ba ka shawara. Idan kuwa dala 500 ɗin ita ce iyaka, kuma sayen Shield na nufin ka soka ta a aljihu ba kube, ba horo, to ɗauki Taurus ka kashe ragowar a kan koyo. Ruger na bar wa mai siririn jiki ko wanda shigarsa ta aiki ba ta ɓoye kauri. Wasu za su ce me ya sa ban ambaci Glock 19 ba. Bindiga ce ingantacciya mai cin 15, amma ta fi waɗannan girma da tsada, ta fita daga tambayarka.

Kada ka saya da ido kawai. Filayen koyon harbi da yawa a Houston suna ba da hayar bindiga, ka je ka harba ukun a rana ɗaya. Duba ko kana iya jan samanta baya ba wahala, ko yatsanka na kaiwa kunama ba tare da ka karkata riƙo ba, ko babban yatsanka na sauke makullin kariya ba sai ka duba ba. Idan ka zaɓi mai makulli, sai ka saba da sauke shi a duk fitarwa har ya zame maka jiki, domin a lokacin firgici hannu abin da ya saba kawai yake yi.

Batun doka ya fi zaɓin samfuri nauyi a wurin baƙo irinmu. Mai katin zama na dindindin yana da damar saya daga dillali mai lasisi idan ya kai shekara 21, ya cike fom 4473 na gwamnatin tarayya na sayen bindiga, aka binciki tarihinsa. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga sai da wasu 'yan keɓance-keɓance, wanda ba shi da takardu kuwa haramun ne a kansa gaba ɗaya. Saboda haka kada wani ɗan'uwa ya ba ka kuɗi ya ce ka saya masa da sunanka, babban laifi ne da ke kai mutum kurkuku, ya kuma jawo a kore shi daga ƙasar. Texas ta halatta ɗaukar ƙaramar bindiga ba lasisi tun 1 ga Satumba 2021, amma ni ina roƙonka ka nemi lasisin jihar duk da haka, domin a ajinsa ake koyar da inda aka hana shiga da makami da kuma lokacin da doka ta yarda a harba, kuma wasu jihohi suna karɓarsa. New York da New Jersey da California ba sa karɓa, kuma sun ƙayyade gidan harsashi kada ya wuce 10, don haka mai cin 12 ko 13 da ke halal a Houston laifi ne a unguwar Bronx ta New York. Gidan waya da gine-ginen gwamnatin tarayya ba a shiga da ita. Ba ka faɗi irin aikin da kake yi ba. Idan tuƙin Uber ko Lyft ne, ƙa'idarsu ta hana direba ɗaukar bindiga, idan shago ne ko gidan mai, tambayi mai wurin tukuna.

Ka kuma tuna kai baƙar fata ne mai lafazin baƙi. Philando Castile yana da lasisin ɗaukar bindiga, ya kuma faɗa wa ɗan sandan da ya tsayar da shi a Minnesota a 2016 cewa yana ɗauke da ita, duk da haka aka harbe shi a cikin motarsa. Idan an tsayar da kai, hannuwanka biyu su zauna a kan sitiyari, ka yi magana a hankali, kada ka kai hannu ko'ina sai an ce ka kai.

Akwatin nan mai makulli kuma kada ka jinkirta sayensa. Fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka duk shekara su ne suka kashe kansu, kuma gidajenmu ba sa rabo da yara da baƙi masu kwana. Ka yi shawara da uwargida kafin bindigar ta shigo gidan. Duk lokacin da ba ta ƙugunka, ta kasance a kulle, lambar makullin kuma a wurinka kai kaɗai.