Na yi odar littattafan Chetan Bhagat a Instagram, ga yadda muka ƙare

Kusan wata uku ina ganin wata mai sayar da littattafai tana ɗora na Chetan Bhagat guda huɗu a ɗaure, kullum in ce bari dai albashi ya shigo. Ƙarshen watan jiya na cije na yi oda. Ba zan kama sunan shagon ba, don har yanzu muna magana da ita.

Wajen mu'amala gaskiya ba ta da matsala. Na yi tiransifa da safe, kafin azahar ta turo min hoton kayan a leda da lambar direba, washegari da la'asar na je tasha na karɓa. Ta naɗe su da kwali ta zagaye da salatif har sai da na nemi reza. A nan kam ta ci maki.

Wanda bai san Chetan Bhagat ba, marubuci ne ɗan Indiya, in ka taɓa kallon 3 Idiots na Aamir Khan to ka san shi ba ka sani ba, daga littafinsa na farko Five Point Someone aka gina fim ɗin a 2009, har rigima ta tashi lokacin don sunansa a can ƙarshen fim aka saka. Ni abin da ya ja ni gare shi ma ba fim ba ne, aikin banki ne, don ni ma shekarata shida ina ƙirga kuɗin mutane a bayan kanta ina kuma ɗan rubutu a waya da daddare wanda ba wanda ya taɓa gani. An haife shi a Delhi a 1974, babansa soja. Ya yi injiniyanci a IIT Delhi ya gama 1995, ya wuce IIM Ahmedabad ya yi digiri na biyu kan kasuwanci ya gama 1997, makarantun da yaran Indiya ke kwana ba barci don su samu shiga. Daga nan sai Hong Kong, kamfanin zuba jari na Peregrine, bai jima ba kamfanin ya durƙushe a farkon 1998 lokacin da tattalin arzikin Asiya ya rikice, sai ya koma bankin Goldman Sachs. Yana wannan aikin ya rubuta littafin nasa na farko, masu ɗab'i da dama suka ce ba sa so, sai Rupa ta karɓa a 2004. Bai ajiye aiki nan take ba fa, ya dawo Mumbai ya yi Deutsche Bank, sai 2009 ya bari gaba ɗaya bayan littattafai uku sun riga sun shiga kasuwa. Ɗan banki kenan, ba ya sakin reshe sai ya kama wani.

Kuma lissafin nan ya bi shi har cikin sana'ar. Rupi 95 aka dinga sayar da littattafansa na farko, kuɗin da ɗalibi zai iya cirewa a aljihu, turancin kuma mai sauƙi wanda ba sai ka ajiye ƙamus a gefe ba. Manazarta a Indiya sun daɗe suna masa dariya wai rubutunsa ba adabi ba ne, shi kuwa yana ta sayarwa.

To nan ne abin ya ba ni haushi. Mutumin da ya yi suna da araha, ni kuma na biya kuɗin orijina aka kawo min fotokwafi. Ina buɗe kwalin na gane. Bangon yana ƙyalli kamar an shafa mai, takardar siririya har kana hango rubutun baya, gam ɗin kuma yana warin na masu gyaran takalmi. One Night @ the Call Center shafi goma sha wani abu ne suka maimaitu a tsakiya, waɗanda ya kamata su zo wurin babu su, ina tsaka da karatu na ga mutane sun koma maganar da suka gama ɗazu, na ɗauka barci ne ke ɗibata. 2 States kuwa kwana biyu a jakata shafukan farko suka fara zarewa.

Na yi mata magana na ce Hajiya waɗannan ai jabu ne. Ta ce wallahi ita ma haka dilanta ya kawo mata, wai "bugun Indiya" ne shi ya sa. Na ce bugun Indiya mai araha daban, wanda aka ɗora a injin kwafi daban. Ba ta yi musu sosai ba, ta ce za ta canja min mai ɓatattun shafukan amma kuɗin mota ni zan biya.

Su labaran fa? 2 States ya fi burge ni, kusan labarin aurensa ne, shi Bapanjabe matarsa Batamila, a IIM suka haɗu, dangi kowa ya ja tunga. Duk wanda ya taɓa neman aure a wata ƙabila zai ga gwaggonsa a ciki. One Indian Girl na 2016 shi ne inda bankin ya fito fili, yarinyar a Goldman Sachs take, sashen da ke sayen bashin kamfanonin da suka kusa mutuwa, kuma wuraren ofis da maganar bonus sun fi wuraren soyayyar rai nesa ba kusa ba, da gani ka san ya zauna a kujerar. Soyayyar tasa kam wani lokacin kamar fim ɗin da ka san ƙarshensa tun waƙar farko. Akwai kuma shan giya da wasu wuraren da ba zan miƙa wa ƙanwata 'yar sakandare ba.

In za ku saya a wajen masu Instagram ku ce a yi muku bidiyo ana buɗa shafukan ciki kafin ku tura ko sisi, hoton bango kawai ba ya nuna komai. Shagon na ba shi biyu cikin biyar, duka biyun na dilibari ne. Na mayar da littafin tun ranar Talata, jiya na tambaya ta ce direban bai taso ba tukuna.